Cimakar akuya da tunkiya mai shayarwa: hatsi ko dusa?

Jawabin da anka yi wurin taron ƙungiya, anka rubuta shi don ƴan uwa da ke wurin bida

Ina gaida mai gari da dattawa. Ina gaida iyayenmu mata da sunka bar aikinsu sunka zo. Ina gaida ƴan uwa da sunka komo daga bida, da waɗanda takardar ga za ta iske Yamai, Ikko, Kotonu, Abijan ko Libiya.

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana bisa kiwo. Kiwo shina da faɗi, yini guda bai isarshi. Don haka na zaɓi wuri guda, watau abin da za a ba akuya ko tunkiya tun daga sa'ad da cikinta ya tsufa har ɗiyanta su yi wata biyu ko uku. Nan ne muke asara mai yawa, kuma asara ce wadda ba ta ƙara. In rago ya mutu, gari duka shina ji. In ɗan akuya na kwana ashirin ya mutu, sai a jefa shi bayan gida a ce bai zo da kwana ba. Ku ƙidaya irinsu nawa anka jefar cikin garinmu daga ɗari zuwa faɗuwar ruwa.

Akuyarmu ba ta da laifi. Jar akuyar Maraɗi an san ta har ƙasashen Turawa saboda fatarta, kuma tun 1963 akwai gidan gwamnati a Maraɗi da ke kula da irinta. Tana yawan haihuwar tagwaye, wani bi uku. Cikinta wata biyar ne. In ta ƙoshi tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu, ta ba da nono wajen rabin lita ko fiye kowace rana. In ba ta ƙoshi ba, ga abin da ke faruwa. Nono dole shi fito daga wani wuri, to sai shi fito daga naman jikinta. Ta rame, ƙashin baya shi bayyana, nonon shi ragu, ƙaramin cikin tagwayen shi mutu, ita kuma ta daɗe ba ta nemi bunsuru ba. Haihuwa uku ta koma biyu, yaran gida kuma su sha fura da ruwa.

Abin da ya kamata kowa shi riƙe shi ne, mai shayarwa tana bukatar cimaka kamar ninki biyu na wadda ba ta da ciki ba ta da ɗa. Mai tagwaye ta fi haka. Amma tumbinta bai ƙaru ba. Akuya mai kilo 25 ko 30 ba ta iya cin abin da ya wuce kilo guda na busasshen abinci a yini, sai da kaɗan. In kilon nan duka kara ne, ta cika ciki ba ta samu komi ba. Karan hatsi na rani, abin gina jiki da ke cikinshi, wanda masana ke ce ma furotin, bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba. Shina tsaida rai dai, bai yin nono.

To sai wani shi ce, a ba ta hatsi mana. Ga amsa. Ku da kunka zauna Kurmi, Kotonu ko Lome ko Abijan, kun ga masu kiwon alade. Uwar alade mai shayar da ɗiya goma tana cin kilo 5 ko 6 kowace rana, mafi yawanshi masara da dusa. Ku auna, ya kai tiya biyu. Ba su da wata dabara, don cikin alade guda ne kamar na mutum, kamar na kaza, bai iya narkar da kara ko ciyawa mai yawa. Dabba irin wagga gasa take da mai ita wurin rumbu. Akuya da tunkiya da saniya kuwa cikinsu ɗaki huɗu ne. Cikin babban ɗakin, tumbi, akwai ƙananan halittu da ido bai gani, su ke narkar da ganye da kara, dabba ta maido ta yi tuƙa ta sake haɗiyewa. Da wanga tumbi ne akuya ke maida abin da mutum bai ci shi zama nono. Wanda ya ɗebi hatsin rumbu ya zuba ma akuya alhali ga dusa ga harawa, ya ba ta abincin ɗiyanshi ne a banza.

Kuma hatsi shina kashe akuya in ya yi yawa farat ɗaya. Kowa ya taɓa ganin wadda ta faɗa ma buhu da dare, ko wadda anka zuba ma ragowar tuwon biki cike da kwano. Garin shi yi tsami cikin tumbi, halittun nan su mutu, ta daina tuƙa, ciki shi kumbura, zawo shi biyo. Wata tana tashi, wata ba ta kai kwana biyu. In haka ta faru a hana ta hatsi da dusa, a aje mata busasshiyar ciyawa, a jiƙa ƴar kanwa a ba ta, a aika a kira ma'aikacin kiwo tun da wuri.

Ban ce kada a ba da tsaba ko kaɗan ba. Akwai lokacinta. Akuya ta haifi uku cikin bazara, ta rame, babu dusa mai kyau a gari: a nan cikin tafin hannu guda da safe, guda da marece, cikin satin farko har na huɗu, shina iya tsaida ta da ƙafafunta. In za a zaɓa, hatsi ya ɗan fi dawa furotin, dawa ta ɗan fi masara. Masara ta fi su ba da ƙarfi da ƙiba, shi ya sa masu turke ke son ta. Dawa mai bauri, irin wadda tsuntsu bai so, ba ta narkewa kamar fara. Amma bambancin duka bai kai a yi gardama ba, a ba da wadda ta fi araha ran kasuwa. Akuya da tunkiya suna tauna tsaba da kyau, ba sai an niƙa musu ba. Saniya ce ke haɗiye dawa ta fito da ita guda cikin kashi, ita sai an ɓarza mata ta zama tsaki. Waken da ƙwari sunka huda, wanda mata sunka tsince sunka ƙi, ya fi su duka, don furotin ɗinshi ya wuce kashi 20 cikin 100. Sai dai ku tabbata ba a zuba mashi maganin ƙwari ba. Irin shuka da anka shafa ma jan magani ko shuɗi kuwa, kada shi kusanci bakin dabba, ko da shuka ta ƙare ya yi saura.

Yanzu mu zo ga dusa, wadda ita ce uwar magana. Sa'ad da mace ta yi surfe, bawon tsaba da ƙwayar da ke tsira suna fita tare. Nan mai yake, nan furotin ya fi taruwa. Shi ya sa dusar hatsi ba ta kasa tsabar da ta fito daga gare ta furotin ba, wani bi ta fi ta. Ƙasarin da anka wanke hatsi da shi ma abinci ne, kakanninmu mata ba su taɓa zubar da shi ƙasa ba. Amma dubi yadda abin ya koma. Da, surfe cikin turmin gida ake yi, dusa ta tsaya gida. Yanzu ana kai wa inji. Yarinya ta dawo da hatsi, dusa kuwa an bar ma mai inji a bakin kuɗin aiki, ko an saida ta nan take. Daga nan ta tafi bakin ragon turke. Iyayena mata, in kun aiki yaro wurin inji, ku ba shi kwano biyu.

Dusar kasuwa kuma sai an duba. Akwai mai zuba mata rairayi don nauyi, akwai mai gauraya ta da ƙaiƙayi. Ku ɗebi kaɗan ku zuba cikin ƙwarya da ruwa ku motsa, rairayi zai kwanta ƙasa. Ku sansana. Dusar hatsi tana da mai, ga ta da danshin surfe, in ba a shanya ta ba kwana kaɗan sai ta yi ɗaci ta dunƙule. Dusar alkama da ke zuwa cikin buhu tana da kyau, furotin wajen kashi 15 cikin 100, ita ce gwamnati kan sayar da rahusa shekarar da ciyawa ta kasa, tare da ta auduga. Dusar shinkafa ita ce mai ruɗi. Ta ainihi, mai laushi kamar gari, tana da amfani. Amma ƙananan injina suna haɗa ta da ɓuntu, shi kuwa ɓuntu ko tumbin saniya bai narkar da shi. Ku murza cikin hannu, in tana suka kamar ƙaya, ku bar ma mai ita. Wadda masu awara ke tacewa daga waken suya abinci ce mai kyau ƙwarai, amma jiƙaƙƙiya ce. A ba da ita ranar, ko a baza ta ga rana ta bushe.

Dusa kaɗai ba ta isa, kuma ga dalili. Nono shina ɗauke da sinadarin da ke gina ƙashi, kalsiyom. Dusa ba ta da shi sai kaɗan, wani sinadarin dabam ne ya yi mata yawa. Masu turke sun san wanga ko ba su san sunanshi ba: ragon da anka cika ma dusa babu ganye, shi ne fitsari ke tsare ma. Abin da ke gyara dusa shi ne harawa, ta wake ko ta gyaɗa. Ganyen nan shina da kalsiyom, kuma furotin ɗinshi ya ninka na kara sau uku. Kowa, bawon wake da ke saura bayan sussuka, ita ma akuya na son ta, kuma ba ta ɓaci da ajiya.

Dattawa suna tuna zamanin gyaɗa. Cikin shekarun 1960 gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, kamfanin SONARA da anka kafa a 1962 shina saye, tsibi-tsibi a Maraɗi da Damagaram. Fari na 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo, manoma da yawa sunka koma ga wake. Yau ƙasarmu na cikin manyan masu noman wake na duniya, Najeriya ce kaɗai ke gabanta. Ma'ana, harawar wake ba mu rasa ta ba. Abin da ke faruwa, tun kaka amalanke ke kwasarta zuwa birni, don mai gona shina bukatar kuɗi ranar. Watan Afrilu shi koma shina sayen ƙullin da ya sayar, da kuɗi ninki biyu ko uku, in ma ya samu. Wadda ta rage gida kuma an ɗora ta bisa rumfa ko bisa icce, rana na dukanta wata biyar. Amfanin harawa cikin ganye yake. In ta yi fari, ganye ya kakkaɓe, itace ne ya saura. A yanke ta tun tana kore, a shanya ta kwana kaɗan, a ɗaure, a sa ta cikin ɗaki ko a rufe da zana.

Mafi ƙarfi cikin abin da muke da shi tunkuza ce, da ƙuliƙulin da ake yi da ita. Bayan an matse mai, furotin ɗinta ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin 100. Kaɗan ke isa. Matsalarta guda, mu ma muna ci, don haka da tsada. Gutsattsarin da ya rage ƙasan kwano wurin masu tuya ya ishi akuya. Amma a nan ina so ku saurara da kyau. Gyaɗar da ta yi funfuna, baƙa ko kore, wadda mata ke tsincewa su ce a ba dabba, akwai dafi cikinta. Masana na ce mashi aflatoksin. Wuta ba ta kashe shi. Shina lalata hanta, kuma shina bi ta jikin akuya shi fito cikin nono, yaro shi sha. Haka masarar da ta yi funfuna cikin buhu. Abin da ya yi funfuna a bizne shi, kada a ba mai shayarwa.

Gurya da dusar auduga da ake matsewa daga gare ta suna sa nono ƙwarai ga saniya da tunkiya da babbar akuya. Amma akwai wani sinadari cikinsu wanda tumbin babbar dabba ne kaɗai ke iya karya ƙarfinshi. Ɗan akuyar da bai fara tuƙa ba, da kaji, shina yi musu illa. In za ku ba uwa, ku ɗaure ɗiyan nesa da kwano.

Sai abin da Allah ya ba mu kyauta cikin gona. Gawo shina zubar da ganye da damana, shi yi kore da rani, ɗiyanshi su faɗo daidai lokacin da daji ya ƙone. Furotin ɗinsu ya kusa na dusa. Ana ba da labarin sarakunan Damagaram na da sun hana saran gawo da hukunci mai tsanani, kuma ba don inuwa kaɗai ba. Tun shekarun 1980, da manoman jihar Maraɗi sunka fara barin toho cikin gona wurin sassabe, itace ya komo ƙasar Maraɗi da Damagaram. Wanda ke da gawo biyar cikin gona shina da buhunan cimaka. A tura yara su tsinto da safe kafin garken wani shi riga su, a daka kaɗan, a gauraya da dusa. Ɗiyan kalgo ma haka, sai dai sun fi tauri, sai an daka sosai. Abin gudu cikin gona shi ne gyauron dawa, ɗanyen toho da ke fitowa bayan girbi ko bayan ruwa ya ɗauke ya dawo. Mai shayarwa da yunwa take kullum, in ta same shi za ta cika ciki, shina kuwa kashewa cikin sa'a kaɗan.

To nawa za a ba ta? Ga abin da nike ba da shawara ga akuya mai tagwaye da rani. Dusa giram 300 zuwa 400 a yini, a raba biyu. Harawa kamar rabin kilo. Tunkuza ko dusar auduga kamar giram 100, in akwai. Kara a sassare shi ƙanana a aje mata ta zaɓa. Balami ko uda, da yake sun fi girma, a ƙara musu rabin haka bisa. Kada ku auna da tunanin tiyar hatsi, don tiyar dusa ba ta wuce rabin nauyinta ba. Ku ɗauki gwangwanin da kuke awo da shi ku kai wurin mai sikeli sau guda, daga nan kun san abinku. A fara da kaɗan tun saura sati shida ta haihu, don cikin waɗanga satuttukan ne ɗa ke yin mafi yawan girmanshi, hantsa kuma ke cika. Ana ƙarawa sannu-sannu, kwana bakwai zuwa goma kafin a kai cikakken awo, don tumbi shi saba. Nono shina kai ƙarshen yawanshi tsakanin sati na uku da na shida. Bayan wata biyu zuwa uku, ɗiya sun fara cin ganye, sai a riƙa ragewa, a maida ma wadda ke bi mata.

Ruwa kuma. Nono kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Akuyar da ake shayarwa sau guda a yini cikin bazara, ko an ba ta tunkuza buhu, nono bai zuwa. Sau biyu ko uku, da ɗan gishiri ko kanwa ta lasa. A ba ta abincinta ita kaɗai, cikin kwano, a turke. In an zuba a tsakar gida, rago da bunsuru ke cinyewa. Wadda ba ta samu gishiri ba, ga yunwa, ita ce ke bin juji tana cin leda. Mahauta na nan, ku tambaye su abin da suke fiddawa daga tumbi. Irin wagga ko me anka ba ta ba ta ƙiba, don wurin abinci ya cika.

Dakashi, nonon farko mai kauri, a bar ma ɗa shi sha tun sa'o'in farko, shi ne rigakafinshi. Kuma ina roƙon iyayena mata, mai tagwaye a ɗaga mata ƙafa wurin tatsa watan farko. Na san furar yara na jira. Amma akuyar ta ku ce, ɗiyan na ku ne, su ne kuɗin magani da kayan ɗakin ɗiya nan da shekara.

Yanzu gare ku ƴan bida. Da yawanku kuna aiko da kuɗi a sayi rago a ɗaure don Layya, ko a yanka ko a sayar. Ba laifi. Amma ragon nan cikin gida shike, kuma dusar gidan duka gare shi take zuwa, don kowa na tsoron ku iske shi a rame. Akuyar tsohuwa ta koma cin kara. Layya tana matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 cikin watan Yuni ta faɗo, watau kiwon turke ya haɗu da bazara, lokacin da dusa da harawa sunka fi tsada, kuma shekaru masu zuwa cikin zafi za ta riƙa faɗowa. Wanda ya aiko kuɗin rago shi aiko da kuɗin cimakarshi dabam, shi faɗi a fili cewa dusar gida ta masu shayarwa ce.

Kuma lokacin aike shina da muhimmanci kamar yawan kuɗin. Jika goma da ta iso Oktoba ko Nuwamba ta fi jika ashirin ta watan Mayu. Abin da nike kawo ma ƙungiya ta duba shi ne, a ware wani abu daga kuɗin da ake tarawa, a sayi harawa da kowa nan cikin gari da kaka, daga hannun ƴan uwanmu da tilas ta sa su sayarwa, da buhunan dusar auduga in an samu. A aje cikin ɗaki mai rufi, bisa itace, nesa da ƙasa saboda gara. Dusar hatsi kada a tara ta da yawa, ba ta jimre ajiya, ita wata-wata za a riƙa saye. In rani ya tsananta a sayar ma ƴan gari da ƴar riba kaɗan wadda za ta maida kuɗin, a fara da matan da ke da akuya ko tunkiya mai ɗa. Wasu garuruwa suna da irin wanga rumbu na cimakar bisashe. Inda ya mutu, bashi ne ya kashe shi, don haka a sa mutum biyu bisa makulli, mace guda cikinsu, kuma a rubuta kowane ƙulli da ya fita.

Ma'aji shina nan, shi zai faɗi abin da ke cikin asusu. Ɗakin ajiya kuwa, maganarshi na hannun mai gari da dattawa. Wanda ke da tambaya shi ɗaga hannu.